Kawu Idi da Igwar Azumi

Abba, shekaranjiya da na je barka gidanka a unguwar Shisha nan Makka, na ɗauki jaririn na ce a mayar masa da sunan Kawunku Idi. Ka sunkuyar da kai, ka juya harshe zuwa Larabci kamar yadda kake yi duk sanda za ka faɗa mini abin da ba zan so ba, ka ce in zaɓi wani sunan, wai har yau tsofaffin unguwarmu ta Tandabawi in aka ce Idi sai su ce sojan nan mai hashish, wato ɗan wiwi. Na ajiye yaron na ce a kira mini taksi. Ba fushi na yi da kai ba. Abin da aka ba ka tun kana ɗan shekara goma shi ka riƙe, kuma ni uwarka ina cikin waɗanda suka bar ka da shi. Saura kwana huɗu suna. Babanku ya rasu, Idi ya rasu, ni kaɗai na rage da na san abin da ya faru a azumin nan. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan da ajamin da mahaifina ya koya mini. Harufan Larabci ne, saboda haka kai da Usman da Maryam babu mai hujjar ce mini bai iya karantawa ba.

Idi ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina 'yar shekara shida ko bakwai iyayenmu suka kamo hanyar gabas daga ƙauyenmu na ƙasar Kano, ta Chadi, ta Sudan. Ana gobe tafiya ƙyanda ta kama shi, kakarmu ta ce ba mai fita mata da jariri yana zazzaɓi, a bar shi in an dawo a same shi. Ba a dawo ba. Ni ce mai goyonsa, kuma har yau ina jin nauyinsa a bayana. Daga nan sai labari: ya girma, ya shiga soja, an tura su yaƙi wata ƙasa, an dawo da su, an sake turawa. Duk shekara alhazai kan kawo mana kaset ɗinsa tare da kuka da daddawa, mu kewaye rediyo mu saurara. Mutum ne mai barkwanci, yana kwaikwayon muryar manyansu na bariki har Inna ta yi dariya da hawaye. Daga baya kaset ɗin ya riƙa gajarcewa, har ya koma gaisuwa kawai. Inna da Baba duk sun rasu ba su sake ganinsa ba.

Shekarar da ya bar aiki, Babanku ya ce a kawo shi Umara ya yi azumi tare da mu. Ya iso saura kwana biyu a ga wata, dogo, siriri, da 'yar jaka guda ɗaya. Ina ta kuka na riƙe masa riga, shi kuwa ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Yaya, ashe 'yar gajeriya ce ke? Da wane bayan kika goya ni?"

Kafin kwana biyun nan su cika ya gyara famfon da Babanku ya shekara yana cewa gobe, ya ɗaure mini igiyar shanya, ya kuma gano duk tsohuwar da ke hawa matakalar unguwarmu da kaya, ya zama ɗan dakonta ba ko sisi. Shimfiɗarsa kuwa in ya naɗe ta sai ka rantse ba a kwana a kai ba. Abu ɗaya na lura da shi, ba ya zama ya ba ƙofa baya. Na ɗauka tarbiyyar soja ce.

To ga kuskurenmu, kuma kuskure ne da sai ɗan Makka zai yi shi. A lokacin ba a daina buga madfa ba, igwar nan da ake harbawa daga kan dutse in rana ta faɗi, a sake harbawa lokacin sahur. Mu da muka tashi da ita, ƙararta a kunnenmu dabino take nufi. Mun gaya wa Idi ƙofar da zai bi ya shiga Harami, mun gaya masa inda zai ajiye takalmi, har farashin aski mun gaya masa. Babu wanda ya tuna ya ce masa, af, za fa a harba igwa a kanka.

Ranar ɗaya ga azumi na shimfiɗa sufra, ledar cin abinci, a ƙasa, ga miyar shorba tana tururi, ga sambusa, ga ƙosai da kunun tsamiya. Ke Maryam kina shekara huɗu, kin maƙale a gefensa da dabino a hannu. Igwa ta tashi. Ban ga lokacin da ya motsa ba. Na dai ga tukunyar shorba ta kife, na ga ya dunƙule ki a ƙarƙashin ƙirjinsa ya kwanta a kanki, yana ihu kowa ya kwanta, yana kiran wani Danladi, Danladi ina kake. Ladan yana kiran salla, mu muna tsaye kamar gumaka. Babanku ne, Allah Ya ji ƙansa, ya ajiye kofinsa, ya kwanta rub da ciki a kan ledar da ta jiƙe da miya, fuskarsa dab da ta Idi.

"An sha ruwa ne, Idi. Nan Makka ne. Karɓi dabino."

Sai da ya faɗa ya fi sau goma kafin hannun Idi ya sake ki. Muka zaro ki, ko ƙwarzane babu a jikinki. Shi kuwa shorbar ta saɓule masa fatar hannu daga wuyan hannu zuwa gwiwa, bai ma sani ba. Ya tashi zaune ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce mu yafe masa ya ɓata mana abinci.

Na ɗauka tunda yanzu ya san da ita, shi ke nan. Ashe sanin ya fi rashin sanin muni. Daga la'asar yake fara zufa, idonsa a kan agogo. Ya daina cin abin kirki, barci kuwa babu shi sam. In ya je Harami cunkoso ya matse shi sai ya dawo yana haki. Yaran unguwa suka sa masa Kawu Madfa. Duk da haka bai fasa ɗaukar mini bokitan kunun da nake sayarwa a bakin titi ba, ya sauka da su ya hau da su, da hannu ɗaya a naɗe.

Ranar bakwai ga wata ina tace tsamiya a kicin da rana, ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaya mini. Danladi abokinsa ne. Suna zaune suna cin abinci a kwano ɗaya, aka harbo musu abu daga nesa, ya ɗago kai bai ga Danladi ba, sai kwanon. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ban kuma tambayi ƙari ba. Ya ce da ya dawo gida an ba shi ƙwayoyi kala-kala, wasu su mayar da shi kamar gawa, wasu su ƙara masa firgita. Daga ƙarshe wani tsohon ma'aikacin asibitin soja ya ja shi gefe ya ce ya riƙa shan wiwi kaɗan da yamma. Shekara tara ke nan, da ita yake barci, da ita yake iya zama cikin mutane. Ya ce bai taho da ita ba, don ya san hukuncin ƙasar nan, kuma ba zai zo ɗakin Allah da ita a aljihu ba. Ya ɗauka zamzam da addu'a za su riƙe shi wata ɗaya.

Kun san bakina. Na ajiye rariya na wanke shi tas. Na ce ɗan Malam Haruna guda, jikan masu allo, shi ne ɗan wiwi? Na ce gara da Inna ta rasu ba ta ji wannan ba. Wannan kalmar ita ce har yau take ci mini rai. Ya jira na gama, ya tambaye ni ko kunun ya yi a sauka da shi.

Bayan kwana biyu na hau soro ɗebo shanya da la'asar, na same shi a lungun tankin ruwa, ya cusa kai tsakanin gwiwoyi, ya toshe kunnuwa da hannu biyu. Saura fiye da awa biyu a harba igwar. Namiji ɗan shekara arba'in da wani abu, da furfura a gemu. Wallahi ban ga soja ba, jaririn nan na gani da aka kwance daga bayana aka miƙa wa kaka. Na sauko ban ɗebi shanyar ba, na yafa mayafi na fita.

Akwai wata maƙwabciyarmu, ba zan faɗi sunanta ba don jikokinta suna raye. Kowa a unguwa ya san abin da ɗanta yake sayarwa, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba. Na shiga na ce mata abin da nake so. Ta dube ni ta ce, ke Hajiya? Na ce ni. Ta shiga ɗaki ta fito da ɗan ƙulli a leda, bai fi ƙwallon dabino ba, baƙi-baƙi, irin wanda ake kira hashish a nan. Na kawo shi gida na tura cikin gwangwanin daddawa, don na san ko kare ba zai shinshino komai ta cikin warin daddawar Kano ba. Har ina yaba wa kaina wayo. Ku ji da kyau: ni na je, da ƙafata, ba wanda ya aike ni. Idi bai roƙa ba, bai ma san na fita ba.

Washegari bayan azahar, Babanku ya fita da taksi, ku kuna makaranta, Maryam tana barci, na kira shi kicin na danƙa masa a tafin hannu.

"Yaya, ina kika samo wannan?"

"Ba ruwanka. In an sha ruwa ka hau soro ka sha, ka yi barci kamar ɗan Adam."

Ya kwance ledar. Ya rufe ido. Kwana goma mutumin nan bai runtsa ba, ga abin da ya san zai kwantar da shi a tafin hannunsa, kuma yayarsa ce ta ba shi. Ya daɗe a haka, sannan ya buɗe ido.

"Mutum nawa ne a kan iƙamar Alhaji, takardarsa ta zaman ƙasar nan?"

Na ce mu biyar, har da shi Alhajin.

"In aka sami wannan a gidan nan, wa za a ɗaure?"

Bai jira amsata ba.

"Alhaji za a ɗaure, Yaya. Ke da yara a zuba ku a jirgi a kai ku ƙasar da ko hanyar gidan kakansu ba su sani ba. Don ni in yi barci?"

Ya miƙe ya shiga bayi. Ina jin sa ya murtsuke shi ya zuba, ya bi da ruwa bokiti uku. Ya dawo ya juye daddawar a faranti ya duba ta ɗaya bayan ɗaya, ya wanke gwangwanin da omo, ya ƙona ledar a kan murhu, ya tambaye ni wa ya gan ni na shiga gidan matar nan. Duk a nutse, kamar mai duba bindiga. Ni kuwa haushi da kunya suka haɗu mini, na ce na sayar da mutuncina saboda shi ya zubar a masai. Ya ce ya sani, kuma tunda aka haife shi ba a taɓa yi masa abin da ya kai wannan ba, amma kada in sake. Da ya gama ya jingina da bango ya zame ƙasa. Na ga maza a rayuwata, na ga masu kuɗi da masu ilmi, amma ban taɓa ganin jarumtar da ta kai ta ranar nan a kicin ɗina ba.

Da Babanku ya dawo na gaya masa komai da bakina, ina jiran ya ce in tattara kayana. Bai ce mini ci kanki ba, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da maganar ba, ko a cikin faɗa. Washegari da la'asar ya ɗauki makullin mota ya ce in zuba abincin mutum biyu a kula. Ya sa Idi a gaba suka tafi Muzdalifa. Kun san ta in ba lokacin Hajji ba, fili ne fetal, sai turakun fitila da duwatsu, ba kowa. Can ƙarar igwa ba ta isa. Su shimfiɗa darduma a gefen mota, su kunna rediyo su ji kiran salla, su sha ruwa su biyu. Haka suka yi kullum har wata ya ƙare. Wanda ya san aikin taksi a Makka ya san abin da direba yake bari in ya ajiye mota a wannan lokacin cikin azumi, kuma ya bar shan ruwa da 'ya'yansa. Ta sahur kuwa ba inda za a gudu, sai auduga a kunne, Babanku yana riƙe da hannunsa har ta wuce.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ya warke ba. Bai warke ba. Barcinsa bai taɓa wuce awa biyu ba, ya rame har wandonsa sai da na rage masa. Amma bai sha azumi ko ɗaya ba, kuma ya yi Umararsa da tsakar rana, lokacin da zafi ya rage mutane, ya dawo da ƙafafu a kumbure yana murmushi. Bayan Salla da kwana uku ya tafi.

Bai fi mako uku da tafiyarsa ba aka kama ɗan maƙwabciyar nan, ya lissafa gidaje. Da hantsi 'yan sanda suka shigo mana. Sun ɗaga katifu, sun zazzage akwatuna, sun shiga kicin suna buɗe gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye ina kallo wani ya buɗe na daddawa, ya yamutsa fuska, ya leƙa, ya rufe. Ba su sami komai ba, suka ba Babanku haƙuri suka fita. Gidan maƙwabciyar kuwa, ɗan ya tafi kurkuku, sauran duk aka kore su daga ƙasar, har da 'yan matan da aka haifa a nan.

Unguwa kuma sai ta nemi dalilin shigar 'yan sanda gidan Alhaji mai taksi. Ba a daɗe ba aka samo: ai sojan nan ne, ba ku ga yadda yake zabura ba? Ba ku ga kullum Alhaji yana fita da shi bayan gari don ya sha abinsa nesa da yara ba? Na je wurin buga waya na kira shi ina kuka, na ce zan fita in gaya wa kowa gaskiya.

"Kada ki soma, Yaya. Ni ba ni da iƙamar da zan rasa, ba ni da 'yar da zan aurar a Makka. Su ce ni ne. Dama ai ina sha."

Ya sa Babanku ya yi masa alkawari shi ma. Ni ban taɓa buɗe baki na ce shi ne ba, amma ban taɓa cewa ba shi ba ne, kuma na ji daɗin shirun, wannan ita ce gaskiya. Ana kirana Hajiya mai kunu, ana kawo mini amanar kuɗin biki, ana neman 'yata da mutunci, duk a kan bayan ƙanena. Shekara ashirin yana goye da ni.

Da ya koma gida ya koma wa abinsa, don ba shi da wani. Sau biyu ana kama shi da ɗan ƙullin da bai kai na cefane ba. Mutumin da ya ba ƙasarsa ƙuruciyarsa da barcinsa, aka zaunar da shi a ƙasa cikin ɓarayin waya, yaron da bai kai ɗansa ba yana daka masa tsawa. Fitowarsa ta biyu bai sake zama daidai ba, bayan 'yan shekaru aka bugo mana ya rasu.

Maryam, tunda kika zama ma'aikaciyar jinya kin gaya mini ciwon nan yana da suna, likitoci sun san shi, ba aljanu ba ne ba kuma iskanci ba. Kin ce a wasu ƙasashe ana ta muhawara a kan a bar tsofaffin sojoji masu irin wannan ciwo su riƙe ɗan abin da likita ya rubuta musu ba tare da an kama su ba, kin kuma ce likitocin ma kansu bai haɗu ba a kan ko yana magani. Ni ba malama ba ce, ba likita ba, ba mai yin doka ba. A ƙasar nan haramun ne kuma laifi ne babba, duk wanda ya kusance shi a cikinku ban yafe ba, na ga abin da ya yi wa gidan maƙwabciyata. Amma da masu yin doka a can gida za su tambayi tsohuwa mai kunu, da na ce musu: ku kuka aike shi, ku kuka dawo da shi a haka. In kuna da maganin da ya fi wannan ku ba shi. In ba ku da shi, ku sa likita ya auna masa ya ba shi takarda, ku daina zaunar da shi a ƙasa.

Yanzu an daina buga igwar, rabin gidajen da muka sani a Tandabawi an rushe, gwangwanin daddawar dai yana nan a kicin ɗina, kun sha ganinsa. Abba, makarantar da ka yi, da aikin da kake zuwa da farar riga, da gidan da aka haifi yaron nan a cikinsa, duk sun ratsa ta tafin hannun Kawunku wata azahar, ya zaɓe ku. Ɗanka ne, kai za ka raɗa masa suna. In ka sa wani ba zan ce komai ba. Ƙarya nake, zan ce, amma zai wuce. In kuwa ka sa Idrisu, tsofaffin unguwa suka taɓe baki suka ce wane Idin, kada ka sunkuyar da kai, kada kuma ka juya zuwa Larabci. Ka ce musu da Hausa uwarka ce ta kawo, shi ya zubar. Ina nan zaune a falon mata, duk mai ƙarin tambaya a turo mini shi.